Zuwa ga ɗana, a kan shirinka na ra'ayin jama'a

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Katsina lafiya lau, sai zafi. Ƙanenka ya kunna mini shirinka na rediyo a waya, wanda ka buɗe layi a kan ko ya dace shugaban ƙasa ya tura sojoji yaƙi a wata ƙasa. Muryarka ta zauna yanzu, ka bar gaggawar nan ta da. Sai dai a ƙarshe ka ƙirga waɗanda suka bugo, ka ce jama'a sun yanke hukunci. Wannan ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka tsayawa a gama magana.

Ka tuna 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja, Tinubu na shugabantarta, ta ba su mako guda su mai da shi kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki. Ka ga manyan motoci jere a Magamar Jibiya, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kayan gwari na ruɓewa a sama. Gwaggonka ta Maraɗi kuwa sai ta kai wayarta wurin mai janareta kafin mu ji muryarta.

Arewa ta ce a'a, kuma da ƙarfi. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan matakin soja, ta ce a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je Yamai, Sanusi Lamiɗo ya gana da Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, malamai ma suka je ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, a farkon 2024 kuma aka janye takunkumin. Ina cikin masu godiya ga Allah a kan haka.

Amma kada ka ɗauka mun fi sauran mutane hankali ne. Mun ƙi yaƙin ne don a gidanmu za a yi shi. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunanmu ne da suka yi hijira bayan jihadi. Wa zai yarda a jefa bam a garin da ya kai 'yarsa aure? To, a Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta tura jiragen yaƙi saboda Yahya Jammeh ya ƙi sauka a Gambiya. Ban ji an tashi hankali a majalisarmu ta ƙofar gida ba, wasu ma daɗi suka ji wai Najeriya ta nuna isa. Haka ECOMOG, rundunar ECOWAS, a Laberiya a 1990, lokacin Babangida: babu wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu tambaya ba, sai iyalan sojojin da aka dawo musu da kayan mazajensu. Banjul da Monrobiya sun yi mana nisa, shi ke nan.

Dubi Amurka, inda suka ƙware wajen auna ra'ayi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, kamfanin Gallup ya ce mutum 90 cikin 100 na bayan Shugaba Bush. A Oktoban 2002 majalisunsu biyu suka ba shi izinin afka wa Iraƙi. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 sakataren harkokin wajensu Colin Powell ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗaga 'yar kwalba, yana cewa Saddam na ɓoye makaman ƙare-dangi. Da aka fara yaƙin a watan Maris, kusan bakwai cikin goma na Amurkawa sun ce daidai ne. Makaman nan har yau ba a gan su ba. Sojojinsu kusan 4,500 suka mutu, fararen hular Iraƙi kuwa sun haura dubu 100 nesa ba kusa ba. Jiki magayi: da akwatunan gawa suka yi ta isa gida, mutanen nan dai suka juya, a zaɓen 2006 suka ƙwace majalisu biyun daga jam'iyyar Bush. Da kai ne ke gabatar da shiri a can a Maris ɗin 2003, da ka rufe da cewa jama'a sun yanke hukunci, alhali hukuncin nasu an gina shi ne a kan labarin da masu mulki suka ba su, 'yan jarida suka kwashe ba bincike. Jaridar New York Times da kanta a 2004 ta fito ta amsa cewa ba ta tantance labaran makaman yadda ya kamata ba. Wannan wurin ya shafe ka kai tsaye, domin sana'arka ce.

Saboda haka in irin wannan rana ta sake zuwa, ka san cewa masu bugo maka waya su ne masu kati da lokaci, kuma sau da yawa muryoyin nan ne dai kullum. Matar soja da ke bariki tana jiran albashi ba za ta bugo ba. Direban da ke kwana a bakin iyaka ma haka. Ka ɗauki na'urarka ka je musu. In jami'in gwamnati ya ce maka aikin mako biyu ne, ka tambaye shi ranar dawowa, da wanda zai biya kuɗin, da abin da za a yi in mako biyun ya zama shekara biyu. Ka adana muryarsa, wata rana za ka buƙaci ka sake kunna masa ita.

Ka kuma karanta sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999, ba shi da tsawo. Shugaba ba ya shelanta yaƙi sai majalisu biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba ya tura soja fagen fama a waje sai da yardar Dattawa. In ya ga barazana ta gaggawa ya tura su, to cikin kwana 7 zai nemi izini, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. Yawancin masu sauraronka ba su san suna da wannan ƙofa ta hannun sanatansu ba, gara ka riƙa faɗa musu.

Akwai kuma abin da na lura da shi a 2023 da bai yi mini daɗi ba. Mutane da dama daga ƙin yaƙi suka zarce yabon juyin mulki, har da masu ɗaga tutar Rasha. Ni na rayu ƙarƙashin soja tun daga 1983 har 1999, na san ɗanɗanonsa. Mutum zai iya cewa kada a kai wa Nijar hari, ya kuma ce tsare zaɓaɓɓen shugaba ba shari'a zalunci ne. In mai bugowa ya cakuɗa su, ka raba masa cikin ladabi, ko da za a zage ka a Facebook washegari.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo mata hoton takwararta. Maganin ƙafata ya kusa ƙarewa, in za ka aiko, irin na wancan karon. Allah ya yi maka albarka, ya tsare harshenka.

Mahaifinka