Amsa ga mai tambaya: me halittun gindin teku ke ci?

Assalamu alaikum Malam,

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso gare ni. Ka ce an koya mana cewa kowane abinci daga hasken rana yake farawa: tsiro ya sha haske, dabba ta ci tsiro, wata dabbar ta cinye ta. To can gindin teku da rana ba ta leƙawa, me halittu za su ci? Ka kuma ce kana zargin hotunan kifaye masu fitila a goshi aikin kwamfuta ne kawai.

Ba kai ka fara wannan shakkar ba. A 1843, wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya lura cewa duk lokacin da ya ƙara zura komarsa ƙasa, abin da take kamowa raguwa yake yi, sai ya yanke cewa daga zurfin mita 550 zuwa ƙasa babu mai rai. Jirgin bincike na Challenger, wanda ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876, shi ya kammala rushe wannan magana, domin ya dawo da nau'in halittu sama da 4,000 da ba a san su ba, da yawa daga wurare masu zurfin gaske.

Kana da gaskiya a kan duhun. Hasken da zai ishi tsiro ba ya wuce mita 200, kuma daga mita 1,000 babu hasken rana ko ɗigo, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai wajen mita 3,700. Ga sanyi, ga nauyin ruwa da ke ƙaruwa a kowane taku. A kwazazzabon Mariyana da ke tekun Fasifik, mai zurfin kusan kilomita 11, matsin ya ninka na doron ƙasa fiye da sau dubu. Duk da haka, a 2022 an ɗauki hoton wani kifi yana iyo a zurfin mita 8,336 kusa da Japan.

Mafi yawan abincin daga sama yake zubowa. Ƙananan tsirrai da ido ba ya gani suna rayuwa a saman ruwa, ƙananan dabbobi suna cin su, kuma gawarwakinsu da kashinsu da ɓurɓushinsu suna nutsewa a hankali, tafiyar makonni. Ana cinye mafi yawa a hanya, ɗan ƙanƙanin kaso ne ke isa ƙasa, shi ne tsutsotsi da sauran masu tonon laka ke tsinta. Akwai kuma masu hawowa su ci su koma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, na'urar auna zurfi da amo ta sojan ruwan Amurka ta riƙa nuna musu wani abu kamar gindin teku, amma da dare ya taso sama, da safe ya koma ƙasa. Ashe tarin ƙananan kifaye ne da makamantansu, masu hawowa kiwo cikin duhu su gudu kafin gari ya waye. Abin da suka ci a sama, a ƙasa suke kasayar da shi.

Wani lokaci kuma sai babban rabo ya faɗo. Idan wel, dabbar da ta fi kowace girma a teku, ta mutu ta nutse, gawarta kan ciyar da halittu shekaru masu yawa. Masu yagar nama su fara, sannan a bar ƙashi. A 2002 aka gano wata tsutsa a kan irin wannan ƙashi a gaɓar Kalifoniya, aka sa mata suna Osedax. Ba ta da baki, ba ta da ciki. Saiwoyi take kafawa cikin ƙashin, bakteriyar da ke cikin saiwoyin su taya ta cin abin da ke ciki.

Inda tambayarka ta fi samun amsa mai ban mamaki shi ne abin da aka gani a 1977. Masana duwatsu sun sauka da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin kusa da tsibiran Galafagos da ke tekun Fasifik, zurfin wajen mita 2,500, suna neman maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ko masanin halittu ɗaya ba su tafi da shi ba, don ba wanda ya yi tsammanin ganin rai. Sai ga wurin cike da halittu, har da tsutsotsi masu jan kai da kan kai tsawon mita 2. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa yana ɗauke da wata iska ta farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga yawancin dabbobi. Bakteriya ke ƙona wannan iskar su sami ƙarfin haɗa abinci, aikin da tsiro ke yi da haske. Tsutsar tana ajiye su cikin jikinta, jan kan nan ya kwaso musu iskar da oksijin, su kuma su ciyar da ita. Sai dai kada a zarce da cewa sun rabu da rana kwata-kwata, kamar yadda wasu ke faɗa. Oksijin ɗin da suke ƙona iskar da shi, tsirrai ne suka samar da shi a sama, ruwan sanyi ya nutse da shi.

Batun hotuna kuwa, ba na musun akwai na bogi, amma kifi mai fitila gaskiya ne. Macen ce ke da ita, bakteriya masu haske ke zaune a ƙarshen wani tsinke da ya fito daga kanta, tana jawo abin da za ta haɗiye da shi kamar masunci da ƙugiyarsa. Abin da hoto ke ɓoyewa shi ne girma, domin da yawansu ba su fi tafin hannu ba. Kuma haske a can ba abin mamaki ba ne: wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna kusan uku cikin huɗu na dabbobin da aka gani a ruwan gaɓar Kalifoniya, daga sama har zurfin kusan mita 4,000, suna iya fitar da haskensu.

Abin da nake so ka riƙe, Malam, shi ne ƙarancin abinci da sanyi sun sa komai a can tafiyar hawainiya yake yi. An bi wata uwar oktofas, mai hannaye takwas ɗin nan, a zurfin kusan mita 1,400, tana kwance kan ƙwanta wata 53, ba a taɓa ganin ta ci komai ba. Wasu kifayen sai sun haura shekara 20 suke fara haihuwa.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da kamfanonin da ke son kwasar dunƙulen ma'adinai daga shimfiɗar tekun Fasifik tsakanin Hawai da Meziko. Dunƙulen suna ɗauke da nikel da kobal da ake buƙata wajen yin batir, amma 'yan milimita suke ƙaruwa a shekara miliyan, kuma a kansu dabbobi da yawa ke maƙalewa don babu wani abu mai tauri a cikin lakar. A 1989 masana daga Jamus sun ja garma a gindin teku daura da ƙasar Feru don gwada illar irin wannan kwasa. Da aka koma a 2015, sawun garmar yana nan, kuma halittu da dama ba su dawo yadda suke ba. Hukumar kula da gindin teku ta duniya, mai zama a Jamaika, ta ba da izinin bincike da dama a yankin. Ni a ganina, kada a wuce bincike zuwa haƙa tukuna, tunda yawancin halittun da ake kamowa daga wurin ko suna ba a kai ga raɗa musu ba.

Wassalam,
Naka mai amsa.