Ba a rani kaɗai ake ganin zaki ba, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Na ji shirinku na yawon buɗe ido inda baƙonku ya ce wai duk wanda ya je safari, wato yawon kallon namun daji, da damina ya yi asarar kuɗinsa, to gaskiya ni dai ban yarda ba, don na je gandun dajin South Luangwa a Zambiya a watan Fabrairu, tsakiyar damina kenan tunda ruwansu daga Nuwamba yake farawa har wajen Afrilu.

Eh yana da gaskiyarsa ta wani gefen. Ciyawa ta yi tsayi, dabbobi sun watsu saboda ko'ina akwai ruwan sha ba sai sun taru a bakin kogi ba, sansanoni da yawa na cikin daji ma rufewa suke sai na wajen garin Mfuwe da ke bakin dajin, kuma motarmu ta kafe a laka har sau biyu sai da muka sauko muka tura. Amma fa lakar nan ita ce littafin masu bin sawu. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa gaid ɗinmu, wato mai yi mana jagora, ya tsayar da mota ya nuna mana wani sawu ƙato a kan hanya, ya ce ku duba babu alamar farce, zaki da damisa ɓoye farcensu suke in suna tafiya, na damisa ya fi ƙanƙanta ne kawai, kyarkeci kuwa da kura dole ka ga farce a gaban yatsu. Sai ya ce mu leƙa cikin ramin sawun, babu ɗigon ruwa ko ɗaya, wato bayan ruwa ya ɗauke ya wuce. Wallahi ba mu yi minti 20 ba sai ga zakuna kwance a tsakiyar hanya, ashe ba sa son jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Damisa kuwa birai ne suka tona mata asiri, suna ta haushi a kan bishiya duk sun fuskanci waje ɗaya. Ƙarshen wutsiyarta muka fara gani yana lilo daga reshe.

Kyarkeci ne dai ya ba mu wahala, dama da rani suke haihuwa su zauna kusa da rami, da damina kuwa yawo suke ba ƙaƙƙautawa, kwana huɗu muna bin sawunsu sai dai mu tarar da ragowar ɗan impala, wata irin barewa, don lokacin jariran impala sun cika dajin. Ranar ƙarshe muka gan su, su tara, da manyan kunnuwansu, ko minti biyu ba su yi ba suka shige ciyawa. Dabbar da aka ƙiyasta manyanta ba su wuce 6,600 ba a duk Afirka ai ni wannan ma ya ishe ni.

Don Allah in za ku sake shirin ku gayyato mai bin sawu na gaske ya yi bayani da bakinsa.

Naku mai sauraro a kullum.