Girman Bashi Kaɗai Ba Ya Nuna Lafiyar Tsarin Kuɗin Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan yadda ake auna ɗorewar tsarin kuɗi na ƙasa, ganin cewa duk lokacin da zancen ya taso, jimillar bashin da ake bin gwamnati ake ambatawa, daga nan sai a rufe baki.

Bashin da ke kan Japan ya haura ninki biyu na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, amma tana biya ba tangarɗa, domin da kuɗinta na yen ta ci shi, kuma akasarinsa yana hannun babban bankinta da cibiyoyin cikin gida. Siri Lanka kuwa, wadda nata bai kai haka ba, ta dakatar da biyan bashin waje a Afrilun 2022, saboda da dala ake binta, ajiyarta ta kuɗin waje ta ƙare, ga kuɗin shiga ya ragu tun bayan zaftare harajin 2019.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda bankuna ke jibge ajiyar jama'a a hannun gwamnati. A Labanon, bankuna sun yi shekaru suna karɓar dalolin mutane suna miƙa wa babban banki saboda kuɗin ruwa mai tsoka, shi kuma yana toshe giɓin gwamnati da kare darajar kuɗin ƙasar da su. Da dalar ta daina shigowa a 2019, aka ƙayyade abin da mutum zai cire, har magidanci ya tsaya gaban ma'aikacin banki, lambar kuɗinsa na nan a rubuce, amma a ce masa babu. A Maris 2020 gwamnatin ta gaza biyan bashi. Gana ma ta ɗanɗani irin wannan, domin sauya sharuɗɗan bashinta na cikin gida da aka fara a Disambar 2022 ya jawo wa bankunanta asara mai yawa.

Don haka nake kira ga wakilanku da su riƙa tambayar hukumomi kashi nawa na kuɗin shiga ke tafiya wajen biyan kuɗin ruwa, da wane kuɗi aka ci bashin, yaushe wa'adinsa zai cika, kuma nawa ne daga kadarorin bankuna ke kwance a takardun lamunin gwamnati. Mai ajiya yana da haƙƙin sanin waɗannan amsoshi tun kuɗinsa na fita idan ya nema.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku