Ina kwafin bayananmu yake, kuma an taɓa gwada dawo da shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan manhajojin da kamfanoni da ma'aikatu ke amfani da su wajen ajiye kwafin bayanansu da dawo da su idan an yi asara. Kullum muna jin cewa banki kaza ko ma'aikata kaza ta mayar da takardunta cikin kwamfuta, amma da wuya a ji an tambayi inda kwafin yake, ko sa'o'i nawa za a ɗauka kafin aiki ya dawo idan na'urorin suka mutu.

A da, a kan tef ake ajiye kwafin bayanai. Tun a 1952 kamfanin IBM ya fitar da na'urar tef mai lamba 726, kuma shekaru da dama al'adar ita ce ma'aikacin dare ya kwafe bayanan yini a kan tef, da safe a sa shi a mota a kai shi wani gini dabam a kulle. Da kwamfutoci suka yawaita a ofisoshi, aikin ya fi ƙarfin mutum guda da littafin rajista, sai manhajoji irin su NetWorker na kamfanin Legato a 1990, da ADSM na IBM a 1993, da NetBackup na Veritas suka karɓe shi. Su ke tsara lokacin kwafi, su ke ɗaukar abin da ya canza kawai tun daga kwafin baya, su ne kuma ke riƙe da lissafin wane fayil ne ke kan wane tef.

Daga nan faifan ajiya na kwamfuta ya fara ture tef. Kamfanin Data Domain, wanda aka kafa a 2001, ya shahara da dabarar ajiye kowane guntun bayani sau ɗaya tak ko da ya maimaitu a wuri dubu, abin da ya sa ajiya a faifai ta yi araha, har kamfanin EMC ya saye shi a 2009 a kan fiye da dala biliyan 2. Kamfanin Veeam ya fito da tasa manhajar a 2008, lokacin da aka koma ɗora aikin kwamfutoci da yawa a kan babbar na'ura guda, kuma tun a 2006 Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa ta intanet mai suna S3. Aikin da ke cin kwanaki ya koma na mintoci. Sai dai an saki wani abu a hanya ba tare da an lura ba: tef ɗin da ke kulle a kabad ba ya haɗe da komai, alhali kwafin da ke kan faifai ko a intanet duk wanda ya kutsa cikin kamfanin yana iya kai hannu gare shi.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana wannan a watan Yunin 2017, lokacin da muguwar manhajar NotPetya ta bazu daga Yukren ta hanyar wata manhajar lissafin haraji. Kamfanin yana da kwafin bayanai da yawa, amma bai ajiye kwafin na'urorin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu ba, saboda an ɗauka cewa tunda akwai su kusan 150 a faɗin duniya kuma kowace tana kwafar 'yar'uwarta, ba za su mutu tare ba. Tare suka mutu. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, kuma ba dabarar kowa ce ta tsirar da ita ba: wuta ce aka ɗauke kafin harin, na'urar ta kasance a katse daga sauran. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin tura bayanan cikin lokaci, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar Ingila, don haka ɗayansu ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa shi ga wani abokin aiki wanda ya wuce da shi Landan. Mu da muke tsine wa ɗauke wuta safe da yamma mun san ba a gina tsari a kanta. Shugaban kamfanin ya ce sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan na'urori 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

A watan Janairun 2017 ne kuma wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiya biyar aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin sa'o'i shida kafin nan ya fitar da su kunya. A Maris 2021 gobara ta cinye wani gini na OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane bayanai a intanet, a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa suka gano cewa kwafinsu yana wuri guda da asalin.

Masu ƙera manhajojin sun ɗauki darasi. Yanzu ana sayar da kwafin da ba ya goguwa ko canzawa sai wa'adinsa ya cika, kamar yadda Amazon ya kawo a 2018, domin masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa kwafin suke fara nema su lalata. Tef ma da aka yi wa kallon tsohon yayi bai tafi ko'ina ba, kaset ɗin tef mai suna LTO da ke ɗaukar gigabait 100 a 2000 ya kai terabait 18, wato gigabait 18,000, a 2021. A ganina duk wannan ci gaba ne na gaske, amma babu manhajar da za ta tilasta wa shugaban ma'aikata ya ware yini guda a kashe na'urori da gangan a ga ko kwafin zai tashi, kuma wannan gwajin ne aka fi gudu, saboda yana cin lokaci kuma ba a yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin tanadar hanyar dawo da su cikin lokaci idan an samu matsala. Saboda haka ina roƙon wakilanka, duk lokacin da wani jami'i ya gayyace su bikin buɗe sabon tsarin kwamfuta, su tambaye shi ko akwai kwafi a wani gari wanda ba ya haɗe da na ofis, su kuma nemi ya faɗi ranar da aka yi gwajin dawo da shi na ƙarshe da tsawon lokacin da aikin ya ɗauka.

Na gode.

Mai karanta jaridarka,
daga Kano