Godiya ga ofishin baƙi na tashar jirgin ƙasa ta Bruges

Jama'a assalamu alaikum. Godiya ce nake so in miƙa a bainar jama'a ga ma'aikatan ofishin taimakon masu yawon buɗe ido da ke tashar jirgin ƙasa ta Bruges a Beljiyam, musamman wata dattijuwa mai tabarau da muka tarar a kanta. Na san da wuya ta ji Hausa, amma wanda ya yi maka alheri ai sai ka faɗa.

Ni da Umma ne, ta zo ganin jikoki, kuma ga ciwon gwiwa yana damunta har sai da sanda. Gaskiya da ɓacin rai muka iso garin. Tun wajen neman biza aka jigata tsohuwar nan, kawo wannan takarda, a'a ba ita ba, koma ka sake, sannan a wani gari da muka fara zuwa, ba zan kira suna ba, mun shiga irin wannan ofis ɗin muka yi tambaya, yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba, da biro ta nuna mana inda takardu suke, da ta ɗago kuwa irin kallon da ta yi wa hijabin Umma wallahi har yau yana cina. To shi ya sa da muka sauka daga jirgin Brussels, tafiyar kamar awa ɗaya, ni dai taswira kawai na shiga karɓa in fito.

Sai matar nan ta hango sandar Umma. Kafin in buɗe baki ta ce ta zauna tukuna, sannan ta tambaye ni nisan da take iya takawa. Ta ce tsohon garin duk da ƙananan duwatsu aka daɓe shi, mai ciwon gwiwa zai ji jiki, kar mu taka daga tasha, mu hau bas zuwa tsakiyar gari. Na ce ina son mu hau Belfort, hasumiyar nan ta dandalin Markt mai tsawon mita 83. Ta yi dariya ta ce matakala 366 ce kuma babu lif, ke ki hau in kina so, Mama ta zauna a ƙasa ta saurari ƙararrawa, guda 47 ne a sama ana kaɗa su kamar kiɗa. Ta ce abin da ya dace da Umma shi ne kwale-kwalen da ke zagaya hanyoyin ruwan da suka ratsa garin, rabin awa tana zaune za ta ga gari, ta sa mana alama a inda za mu hau.

Abin da ya fi kashe min jiki shi ne zancen abinci, ita ta ɗauko shi da kanta. Ta ce farfesun namansu da suke alfahari da shi, stoofvlees, da giya ake dafa shi, cakulan ma akwai masu giya a ciki, in tambaya kafin in saya, dankalin ma wasu da kitsen shanu suke soyawa. Ta duba kwamfuta ta rubuta mana inda masallaci yake. Ko kwabo ba mu biya ba fa.

Kwale-kwalen kam ya yi. Umma ta riƙe gefe gam tana ta addu'a, in an zo wata gadar sai dogaye sun sunkuya, ga gidajen jan bulo bangonsu ya nutsa cikin ruwa duk gansakuka. Direban ya ce da cinikin tufafi garin ya yi arziki, ulu daga Ingila ake kawowa, sai yashi ya toshe mashigin Zwin da ke haɗa su da teku, kasuwa ta koma Antwerp, garin ya tsaya yadda yake, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Umma ta ce su talaucinsu ma riba ya zame musu.

Ni abin da na kasa ganewa, me matar nan ta kashe? Kujera ce da minti goma. A nan Turan ma ba kowa ke haka ba, na shaida, balle gida. Umma shekara nawa tana zarya kan fanshon marigayi Baba, kullum oga ya fita, netwok ya ɗauke, Hajiya ki dawo gobe, ta wuni a tsaye a baranda yaran da ta haife su suna ta danna waya, in ba ka san wani ba ko ka ba da na goro fayil ɗinka ba zai motsa ba. Kuma su ma albashi ake biyansu don wannan aikin.

Allah ya saka wa matar nan da alheri. Duk mai zuwa da tsoho ya fara tsayawa wajensu, ya sa takalmi mara tsini, kuma ya tambaya ko kwale-kwale na aiki, don da tsakiyar hunturu sukan dakata.