Ubanta ya yayyaga littafin, yarinyar kuma ta daina barci

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Maganar 'yar yayata ce, shekararta 15, tana aji huɗu na sakandare. Ranar Asabar ubanta ya zaro littafi daga ƙarƙashin filonta, ya yayyaga shi a tsakar gida a gaban ƙannenta, sannan ya aiko min da saƙon kada in ƙara taka masa gida, wai ni nake koya mata raina shi. Littafin nawa ne, ni na ba ta aro, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Adabin Turanci nake koyarwa, na san abin da ke cikinsa shafi bayan shafi.

Sunan littafin Children of Blood and Bone, na Tomi Adeyemi, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ya fito a 2018. Ƙagaggen labari ne na sihiri da sarauta, irin wanda ake rubuta wa matasa. A ciki Sarki Saran yana haɗa 'ya'yansa biyu, Inan da Amari, faɗa da takobi na gaske tun suna ƙanana, wai don zuciyarsu ta bushe, har Amari ta tashi da tabo a gadon baya. Ya kashe Binta, hadimar da ita ce aminiyar Amari, tana gani da idonta. Can ƙarshe ya soki ɗan cikinsa, ita kuma Amari ta kashe shi.

Na san irin wannan littafi ba a miƙa wa yaro a juya baya. Babba ne zai fara karantawa ya san inda nauyin yake. Babi biyu ko uku a rana sun isa, kuma da rana, don abin da yaro ya kwanta da shi bayan isha'i shi ke bin sa cikin mafarki. In za a yi hira, a yi ta a kan mutanen labarin, kamar a ce "me ya sa Inan yake ta neman yardar uban da ke cutar da shi?" Da zarar an ce "ke ma haka ake miki?" yarinya za ta kulle bakinta, shi ke nan. Duk haka na tsara mata. Amma gidan da ba ta da hutu daga wanke-wanke sai girki sai raino, yaushe za ta yi karatun rana? Cikin dare ta cinye shi, da fitilar waya a ƙarƙashin zane.

Na manta ban faɗa ba, yayata ta rasu, yarinyar a hannun matar uba take. Shi kuwa uban, Hajiya, mutum ne da in ya shigo gida ko kaza sai ta nutsu. Wayar wuta yake ninkawa biyu ya zane ta a kan gishiri ya yi yawa a miya, ya kuma yi makonni ba ya amsa gaisuwarta. A waje kowa Alhaji Alhaji, har sulhu ake kiransa ya yi wa mutane. Tun daga kwanar layi take gane ƙarar mashin ɗinsa, ko dariya take sai ta haɗiye ta. Wannan duk kafin littafi ne, amma yau littafi ne mai laifi, ni ce mai laifi.

Yaron da gidansu lafiya, in ya karanta irin wannan, ya ɗan tsorata kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Wanda yake rayuwa a cikin abin, alamunsa daban ne, kuma duk na gan su a tare da ita. Tana komawa wuri ɗaya tana maimaitawa, shafin tabon Amari ta naɗe masa kunne ta ja layi da fensir har takardar ta kusa hujewa. Barci ya ƙaurace mata, ga firgita, ga ciwon kai, abinci sai ta tsakura ta ture. Shi ya sa ƙwace littafin da ƙarfi ya fi komai illa, domin wurin nan kaɗai ta ga an kira abin da ake mata da sunan zalunci, sai ga shi wanda take tsoron ne ya yaga shi a gabanta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar da ta yi min kwana biyu kafin a yaga. Ta riƙe hannuna tana rawar jiki ta ce, "Anti, da Amari ta kashe shi daɗi na ji. Na zama tsinanniya ko?" Yarinyar da tun tana Islamiyya ake karanta mata haƙƙin iyaye, yanzu gani take ta saɓa wa Allah a cikin zuciyarta. Ba ta da niyyar taɓa kowa, ko sauro tausayinsa take ji. Na ce mata jin sanyi don azzalumin cikin labari ya faɗi daban, yi wa mahaifi mugun fata daban, amma ban ga ta gamsu ba, ga shi an rufe min ƙofa.

Da farko niyyata in tambaye ki ko in aika mata kashi na biyu da ya fito a 2019, tunda ta roƙe ni, ko in dakata. Amma in ya sake gani a hannunta, jikinta ne zai gaya mata. Kakarta ta wajen uba tana da rai, sai dai ba ta son laifin ɗanta. Kawunnanta na wajenmu sun ce in bar mutum da 'yarsa. To ni wa zan fara tunkara, kakar ko limamin unguwarsu, ta yadda ba zai huce a kanta ba? Ina da hurumin neman a ba ni riƙonta? Kuma in Allah ya sa na samu ganinta ko a hanyar makaranta ce, me zan ce mata a kan wannan daɗin da ta ce ta ji?

Taki, mai sauraronki daga Zariya.