Mai Kallon Diramar Jafan, Sai Fa Ka Ɗauki Allo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da nake yawan ji daga bakin matasanmu masu sha'awar finafinan ƙasashen waje, wato wai mutum zai iya koyon harshen wata al'umma ta hanyar kallon wasanninsu na talabijin kawai, ba tare da ya riƙe alƙalami ba. Zan tsaya a kan Jafananci, domin shekara uku ke nan ina fama da shi, kuma kallon ne ya kai ni gare shi.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne wasannin safe masu dogon zango na gidan talabijin ɗin NHK, waɗanda Jafanawa ke kira asadora. Tun shekarar 1961 ake yin su, kuma kowane kashi a yanzu minti 15 ne kacal. Na shafe kusan shekara guda ina kallon su da fassarar Turanci a ƙasan allo, har kunnena ya saba da wasu kalamai: wanda ya dawo gida ya ce tadaima, na cikin gida su amsa da okaeri, kafin a sa hannu a abinci a ce itadakimasu, mai neman afuwa ko neman hanya ya ce sumimasen. Na soma ɗaukar kaina a matsayin mai jin harshen. Sai wata rana aka nuna wata tsohuwa ta buɗe wasiƙar da aka aiko mata, kyamara ta tsaya a kan takardar na ɗan lokaci, babu mai magana, mai fassara kuma bai rubuta komai ba, can sai tsohuwar ta fashe da kuka. Na tsayar da hoton, na matso da wayar kusa da idona, amma ko harafi ɗaya ban gane ba. Duk abin da ya sa ta kuka yana nan a gabana, ni kuwa an bar ni a waje.

Jafanawa suna haɗa nau'in rubutu uku a cikin jimla guda. Akwai hiragana, mai haruffa 46 na asali, kowane harafi yana wakiltar gaɓa ɗaya, kamar ka, ki, ku, ke, ko. Ta samo asali ne daga rubutun Sinawa da aka riƙa yi da saurin hannu har ya lanƙwashe, kuma a zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185, matan fada ne suka fi amfani da ita, har ana kiranta onnade, wato hannun mata. Akwai katakana, ita ma mai haruffa 46 masu furuci iri ɗaya da na hiragana, wadda malaman addinin Buddha suka tsiro da ita ta hanyar gutsuro sassan haruffan Sinawa. A yau da ita ake rubuta kalmomin aro da sunayen ƙasashen waje, irin su テレビ, terebi, wato talabijin, da ナイジェリア, wato Nijeriya. Waɗannan biyun ba su da wahalar da ake zato. Na haddace su cikin 'yan makonni, ko da yake har yau シ da ツ, da kuma ソ da ン, sukan sa in sake dubawa.

Na ukun shi ne kanji, kuma a nan gizo ke saƙar. Haruffa ne da suka shigo daga ƙasar Sin, kowanne yana ɗauke da ma'ana. Jerin da gwamnatin Jafan ta tsayar a 2010 domin amfanin yau da kullum ya ƙunshi guda 2,136, kuma yaro yakan koyi 1,026 daga ciki a shekara shida na firamare, yana farawa da 80 a aji ɗaya. Yawansu ba shi ne babbar matsalar ba, domin wasunsu ma suna da daɗin koyo: idan aka rubuta mutum a jikin itace, 休, ma'anarsa hutawa, idan kuma aka tara itace uku, 森, an sami kurmi. Abin da ke gigita ɗalibi shi ne harafi ɗaya yana iya samun karatu biyu ko fiye, wani na asalin Jafananci, wani kuma wanda ya zo daga Sinanci. Harafin dutse, 山, shi kaɗai ana karanta shi yama, amma a sunan dutsen Fuji, wato Fujisan, ya koma san, wanda na daɗe ina zaton shi ne san ɗin girmamawa da ake liƙa wa sunayen mutane. A kalmar ranar Lahadi kuwa, 日曜日, harafi ɗaya ne a farko da ƙarshe, amma na farkon nichi ne, na ƙarshen kuma bi. Su kansu Jafanawa sukan ɗora ƙananan haruffan hiragana a kan kanji mai wuya, abin da suke kira furigana, kuma duk wanda ya taɓa karanta Larabci ko ajami ya san irin taimakon da wasali ke yi wa ɗan koyo.

Dabarar da masu kallo da dama ke fakewa da ita ita ce rubuta Jafananci da haruffan boko, bisa tsarin da ake danganta wa Ba'amurke James Hepburn, wanda ya fitar da ƙamusunsa a 1867. A ganina wannan sanda ce ta kwana biyu, wanda ya daɗe yana dogara da ita ba zai taɓa tafiya da ƙafarsa ba. Malamanmu na allo sun riga mu sanin haka, shi ya sa ba sa yarda almajiri ya koyi karatun Larabci da haruffan boko. Jafananci cike yake da kalmomi masu furuci ɗaya da ma'ana daban, kanji ne ke raba gardama a tsakaninsu, sannan kuma ba a barin sarari tsakanin kalmomi, sauyawar nau'in rubutu ce ke taimaka wa mai karatu ya gane inda kalma ta ƙare.

Wani abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne kunnen Bahaushe ya dace da wannan harshe fiye da yadda na zata. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, kuma suna bambanta dogo da gajere kamar yadda muke bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo: obasan goggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka ce, kuma wanda ya ja wasalin a inda bai dace ba ya tsokano faɗa. Suna ninka baƙi, kite daban, kitte daban, wato kan sarki na wasiƙa, kamar dai baba da babba. Har karin sauti suna da shi: a bakin mutanen Tokiyo, ame na ruwan sama da ame na alewa muryar ce ke raba su, kamar kukar miya da kukan hawaye.

Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana masu kallo game da maganar da ke fitowa daga bakin 'yan wasa. Ranar da na fara darasi ta intanet da wani dattijo Bajafane, na kira kaina ore, shi kuma na ce masa omae, domin haka nake jin jaruman da nake so suna faɗa. Mutumin ya yi shiru, ya gyara tabarau, sannan cikin sanyin murya ya bayyana mini cewa haka samari ke magana da tsararrakinsu, ko mutum da wanda ya raina, kuma abin da ya dace da ni shi ne watashi, shi kuma in ce masa sensei, wato malam. Na ji kunya ƙwarai, kamar yaron da ya kira mahaifinsa da sunan yanka a gaban jama'a. Fassarar Turanci ta ɓoye mini wannan duka, domin watashi da boku da ore, waɗanda duk ma'anarsu "ni", kalma ɗaya take mayar da su. Harshen girmamawa da suke kira keigo kuwa fanni ne mai zaman kansa, inda aikatau kan sauya gaba ɗaya gwargwadon matsayin wanda ake magana da shi.

Ban ce a daina kallo ba, ni ma ban daina ba. Shawarata ita ce mai sha'awa ya fara haddace hiragana da katakana, ya sami littafin nahawu da littafin rubutu, ya koyi kanji da hannunsa bisa tsarin jan layukansa, sannan ya sauya fassarar ƙasan allo daga Turanci zuwa Jafananci, ko da kashi ɗaya zai ci masa awa guda. Mai son auna kansa kuma akwai jarrabawar ƙwarewa a Jafananci ta JLPT, wadda aka fara a 1984, mai matakai biyar daga N5, mafi sauƙi, zuwa N1. Ni dai yanzu N4 nake hari, kuma a watan jiya na koma kan wasiƙar tsohuwar nan na karanta layi biyu na farko, kafin salon rubutun hannun ya gagare ni.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya